Akwalar Malam A Birnin Dabo

A ɗakin malamai na makarantar da muke koyarwa a nan Bakori akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, wato ranar da Shugaba Bola Tinubu ya tsaya a wurin rantsuwa ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Muhawarar kuwa ba a kan gwamnati ake yin ta ba, a kan motarmu ake yi. Da zarar an tashi tara, an kewaye farantin ƙosai, sai ka ji wani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, wai har yanzu ba ka rabu da akwalar nan ba? Ai yanzu kai ke ɗauke da ita, ba ita ke ɗauke da kai ba." Akwai ranar da malamin lissafi ya ɗauki alli ya zayyana mana abin a jikin allo dalla-dalla: kuɗin mai, kuɗin baƙin mai, taya, batir, sabunta takardu, da ɗan abin da bakanike ke karɓa duk wata kamar mai karɓar haya. Da ya haɗa jimla ya ja layi biyu a ƙarƙashi, sai ya juyo ya ce, "To, ga kishiyar da ka yi wa iyalinka nan."

Ba mu musa masa ba, domin kuwa lissafinsa daidai ne. Litar man da muka saba saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000, kuma ba ta sake komawa kusa da inda ta baro ba. Albashin malamin sakandare mai riƙe da takardar difloma kuwa kowa ya san tafiyar hawainiya yake yi. Sa'an nan in za a faɗi gaskiya, a cikin garin Bakori mota ba ta da wani aikin a-zo-a-gani. Daga gidanmu zuwa makaranta tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa. Kasuwa ga ta nan, masallacin Juma'a ga shi nan, Funtuwa kuwa ko a kan babur ka tafi, kafin shayi ya huce ka isa. Gona ma da damina babur ya fi mota kai ka, don akwai hanyoyin da in ka shigar da mota sai an haɗa majiya ƙarfi an ciro ta. Saboda haka duk wanda bai taɓa kwana da marar lafiya a babban birni ba, in ya ce malamin makaranta da mota neman suna ne, ba za mu ga laifinsa ba. Mu ma haka muka ɗauka shekara da shekaru.

A da can ma ba abin mamaki ba ne a ga malami da mota. Manyanmu sun sha ba mu labarin zamanin Udoji, a 1975, lokacin da ma'aikata suka kwashi ƙarin albashi da ariyas, a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Muna yara mun tarar da ragowar wannan zamani: hedimasta da 504 ɗinsa, ana wanke ta ranar Asabar kamar ana yi wa amarya wanka. Kafin mu kama alli duk wannan ya zama tatsuniya. Mu 'yan bayan tsuke bakin aljihun 1986 ne, keke muka gada, daga baya muka samu babur da bashin ƙungiya, muka gode Allah.

Abin da ya sauya mana ra'ayi ya faru ne da daminar 2017. Mahaifinmu ya kwanta ciwo, daga Funtuwa aka tura mu Kano, aka ba shi gado a wani asibiti da ke tsakiyar gari. Masaukinmu kuwa gidan ƙanwarmu da ke aure a Mariri, can bakin gabas, kan hanyar Maiduguri. Dare uku muka yi a zaune kan benci a gefen gadonsa. A na huɗu sai ƙanenmu ya ce, "Yaya, ka je ka ɗan runtsa, ni zan kwana." Muka tafi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare waya ta yi ƙara, ya ce jikin Baba ya rikice, mu taho. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Mijin ƙanwar tamu ya yi tafiya, babur ɗinsa kuma yana wurin gyara. Maƙwabcinsu yana da mota, muna ganin ta ta saman katanga an lulluɓe ta da tamfol, amma mu baƙi ne, ba mu san ko sunansa ba, kunya ta hana mu buga ƙofar mutum cikin tsakar dare. Har yau in muka tuna wannan kunya sai mu ji haushin kanmu.

Muka nannaɗe wando muka taka cikin taɓo har bakin titi. Babu kowa sai manyan motoci masu wucewa, su kuwa ba sa tsayawa. Mun fi awa guda a tsaye kafin wani mai A Daidaita Sahu ya ɓullo, shi ma ya ce gida zai tafi, iyakarsa Hotoro. Daga Hotoro muka ci gaba da ƙafa, muna tafe muna waige, har Allah ya kawo wani. Lokacin da muka shiga ɗakin ana kiran assalatu, mun tarar an riga an ja masa zane har ka. Mu Musulmi ne, mun san ajali ba ya jiran mota, ko jirgi gare mu ba za mu ƙara masa numfashi ɗaya ba. Amma ƙanenmu ya faɗa mana cewa sau biyu Baba yana buɗe ido yana tambaya ko mun iso. Abin da yake son faɗa mana ya tafi da shi. Tsakaninmu da shi a daren nan bai kai nisan Bakori zuwa Malumfashi ba, cikin gari ɗaya muke, amma sai da muka yi kusan awa huɗu.

Da yake labarin ƙasa muke koyarwa, bayan an share makoki mun daɗe muna juya wannan abu a rai: yaya aka yi gari ɗaya ya yi wa mutum nisa haka? Kanon da kakanninmu suka sani, masu kai auduga da gyaɗa, ita ce ta cikin badala, sai Fagge da Sabon Gari da Nasarawa a gefe. Mutum mai lafiya zai ratsa ta da ƙafa tsakanin hantsi da azahar. Kanon yau kuwa ta mamaye ƙananan hukumomi takwas, Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, ta kuma fara lasar na maƙwabta. Dalili a fili yake. Bahaushe ba ya son a ɗora shi a kan wani, kowa so yake ya samu filinsa, ya ja katangarsa, ya yi zaurensa, iyalinsa su sha iska a tsakar gida. Fili kuwa ba ya araha sai a bakin gari, inda mai gona ya gaji da noma ya kira masu awon igiya suka yanka masa ita gunduwa-gunduwa. Haka gonakin jiya suka zama unguwannin yau: Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Gaida, Sheka, Bachirawa, Mariri. Gari yana ta faɗi kamar an zuba mai a faranti, amma manyan asibitoci da kasuwanni da ofisoshi suna nan inda aka bar su. Talaka ya samu gida, ya biya da nisa.

Ba Kano kaɗai ba ce. Wanda ya ga yadda ma'aikatan Abuja ke kwarara daga Nyanya da Mararraba da Kubwa tun duku-duku ya san zancen. Ko Funtuwa da ke nan kusa da mu, dubi yadda ta miƙe ta hanyar Zariya da ta Gusau da wadda ta nufo mu, gidaje na ta cinye gonakin masara. Legas ta samar wa mutanenta manyan bas masu hanyarsu ta daban tun 2008, ta ƙara da jirgin ƙasa na cikin gari a 2023. A Kano kuwa, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, nauyin jama'a ya koma kan A Daidaita Sahu. Ba mu raina ta ba, ta rufa wa miliyoyi asiri. Sai dai ita tana da layinta, in ba shata ka ɗauka ba sai ka sauka nan ka hau can, kuma ba a yi ta don mai karaya ko mai naƙuda ba.

Shekara biyu muka yi muna zubin adashe, muka haɗa da kuɗin waken suya na kaka biyu, muka sayar da babur, mai ɗakinmu ta kawo kuɗin tumakinta biyu ba tare da mun tambaya ba. A 2019 muka sayi Golf mai dogon baya a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya a Funtuwa. Mu ne na uku ko na huɗu da ta shiga hannunsu tun da ta baro Turai. Fentinta ya ƙoƙe, gilashin baya na hagu ba ya sauka, in ta yi zafi sai an buɗe gaba an ba lagireto ruwa kamar doki. Ranar da muka shigo da ita unguwa yara suka bi mu da gudu, wani dattijo ya ce, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Tun daga ranar ta zama motar unguwa. Ta kai amare, ta kai masu haihuwa babban asibitin Funtuwa, ta ɗauko gawa sau uku. Wanda ya sayi mota a gari irin namu ya sani ba shi kaɗai ya saya ba.

Amma ba ta biya kuɗinta ba sai a watan Nuwamban 2022. Innarmu ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Aka fara da mai ɗori kamar yadda aka saba, kwana goma babu sauƙi, likita a Funtuwa ya duba hoto ya ce sai Asibitin Ƙashi na Dala. Mai karatu ya san yadda ake loda motar haya a tashoshinmu, biyu a gaba, huɗu a baya, kaya a kan cinya. Tsohuwar da ko juya ta aka yi sai ta yi ƙara, ina za ta iya? Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa katifa, muka tare ta da matasai, mai ɗakinmu ta zauna a gefenta. Muka bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo a hankali, duk inda ta ce a tsaya mu tsaya. Muka shiga Kano ta Rijiyar Zaki da Kabuga, ba mu sauke ta ko'ina ba sai a ƙofar ɗakin da za a karɓe ta.

Kwana ashirin da uku muka yi, masauki dai Mariri, asibiti kuma can arewa maso yamma, wajen Ƙofar Ruwa. Wato kullum sai mun ratsa birnin daga wannan kusurwa zuwa waccan, da kwanukan abinci da fulas ɗin ruwan zafi da wankakkun zannuwa. Inna ba ta cin abincin saye, sai tuwon da 'yarta ta tuƙa, kuma a mota yana isa da ɗuminsa. A watan Yulin wannan shekarar gwamnatin jihar ta hana A Daidaita Sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, saboda haka duk mai jinyar da dare ya yi masa a asibiti, in ba shi da abin hawa, nan zai kwana. Mu kuwa mukan zauna har Inna ta yi barci, mu bar mai kwana da ita, mu kama hanya. Sau da yawa mukan rage wa wasu masu jinya hanya, wata mata 'yar Gaya da ɗanta ya faɗo daga mangwaro har ta riƙa kiran motar "tamu".

Ranar da ba za mu manta ba ita ce jajibirin aiki. Da la'asar aka ce mana a tanadi jini leda uku kafin hantsin gobe, domin da tsohuwa ba a shiga ɗakin tiyata da hannu biyu. Namu bai yi daidai da nata ba, ƙanwarmu kuma tana da juna biyu. Muka zauna da waya muna lalubo 'yan Bakori mazauna Kano, muka samu mutum huɗu da suka ce sun yarda. To amma ga inda gizo ke saƙar: ɗaya yana aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, kuma dole ya koma bakin aiki kafin sha ɗaya, ɗaya tsohon ɗalibinmu ne da ke karatu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero, yana da jarrabawa da rana, biyu kuma yaran wani ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ranar kuwa ana sauke kaya. Kudu, yamma, arewa. Wanda zai ba ka jinin jikinsa kyauta ba ka ce masa ya hau abin hawa uku da kuɗinsa, ya yi asarar yininsa, sa'an nan ya koma a jigace yana ganin jiri a titi.

Muna sallame sallar asuba muka tayar da mota. Muka bi ta bayan gari muka faɗo Na'ibawa, muka ratsa Titin Gidan Zu muka ɗauki na Sharaɗa yana tsaye bakin titi da rigar sanyi. Daga nan sai Kabuga, muka miƙe titin Gwarzo muka ɗauko ɗalibi. Yana shiga ya ce, "Malam, ashe dai kana nan da tuƙin nan naka na tsoron Allah." Muka ce, "Yi shiru, ka ci ƙosai." Muka dawo ta Tal'udu, muka bi titin Aminu Kano, muka ajiye su biyu a wurin ɗibar jini ƙarfe bakwai da 'yan mintoci. Ba mu kashe mota ba muka hau titin Katsina, Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, har Dawanau. A nan ne ta yi mana halinta, allura ta hau, tururi ya taso. Yaran nan biyu suka samo ruwa a jarka wurin mai shayi, muka jira ta huce muna kallon agogo, ba mu taɓa jin minti goma ya yi tsawo haka ba. Kafin ƙarfe tara da rabi duka huɗun sun ba da jini, aka ɗauki na uku daga ciki, na huɗun aka ajiye wa wani. Muka saya masu madara da lemo, muka mayar da kowa inda muka ɗauko shi. Na Sharaɗa ya shiga ƙofar masana'anta saura minti goma. Da muka dawo an riga an shiga da Inna. Muka zauna cikin motar muka kifa kai a kan sitiyari, abin da ya zo mana a rai kuwa daren Mariri ne na 2017.

Kada mai karatu ya ɗauka waƙar yabo muke yi wa mota. A kwanakin nan mun ga inda take zama kaya. Akwai ranar da muka shiga wajen Kantin Kwari sayen zannuwa, muka yi awa guda muna neman wurin ajiye ta, masu ƙafa suna wuce mu suna dawowa. Cikin lungunan birni kuwa, wajen Kurmi, ko kusa ba ta shiga. Lokacin ana wahalar mai, mun kwana a layi sau biyu, sau ɗaya kuma muka sayi na 'yan bumburutu ya toshe mana inji. Kuma muna sane da cewa in kowane magidanci a Kano ya samu abin da muka samu, ba wanda zai motsa, gadojin sama da na ƙasa da aka yi ta ginawa ba za su ɗauke su ba. A aji mukan faɗa wa ɗalibai cewa maganin babban birni shi ne manyan motocin haya masu tsari da jirgin ƙasa, ba kowa da tasa ba, kuma har gobe a kan haka muke. Sai dai ranar da aka ce a kawo jini kafin hantsi, abin da muke koyarwa a aji bai zo ya ɗauke mu ba, akwalar nan ce ta kai mu.

Yanzu ta fi yini a gindin dogon yaron ƙofar gida fiye da kan titi. Makaranta da ƙafa muke zuwa, Funtuwa a motar haya. Da yake hanyoyinmu sun daina amintuwa da dare, ko masu naƙuda in abin bai tsananta ba sai mu ce a jira gari ya waye. Duk ranar Juma'a mukan tayar da ita ta yi ɗumi don kada batir ya mutu, kuma ba ma barin mai ya gaza kwatan tanki, ko da kuwa za a ci tuwo da miyar kuka babu nama. Inna tana takawa da sanda, duk wata shida ake son ganin ta a Dala.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce wani dillali ya zo daga Funtuwa da mai saye, wai zai mayar da ita ta haya tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Kuɗin da ya taya ya ninka abin da muka saye ta, ga shi kuwa muna neman kuɗin taki da na rajistar jarrabawar babban ɗanmu. Muka ce ya ba mu kwana biyu. Da dare muka faɗa wa mai ɗakinmu, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, tumakina biyu na cikin motar nan, ni dai ban sayar ba." Inna da muke zaton ta yi barci ta ɗaga murya daga ɗakinta ta ce, "In kun sayar, wa zai kai ni wurin likitan ƙashi? Ko a kan amalanke za ku tura ni?"

Da safe muka kira dillali muka ba shi haƙuri. Taki muka sayi rabin abin da muka saba, gonar bakin rafi kuma muka ba da ita haya bana. Da muka ba da labari a ɗakin malamai, malamin lissafi ya girgiza kai ya ce mun faɗi darasinsa. Mako uku bayan haka, ranar wata Laraba da sassafe, sai ga shi a ƙofar gida yana sallama a gaggauce, surukarsa ce ba lafiya, an ce a wuce da ita Shika. Muka miƙa masa jarkar ruwa muka ce ya riƙe a gaba, saboda lagireto.